Judith Ta Gwada Kujerar Baya

Ni dama Kevin bai taɓa kwanta mini ba, amma ƙanwata Judith ta ce shi take so, sai na ja bakina. Ranar Asabar ya kwashe mu zuwa wajen masu sayar da motoci a Kakuri, wai ta zaɓi wadda zai saya kafin bikinsu.

Ƙananan motoci biyu aka nuna mana. Baƙar sai sheƙi, amma cikinta kamar akwatin ashana. Farar ta ɗan sha jiki, sai dai akwai fili. Gogan naku ya faɗa baƙar, ya tura kujerar direba baya, yana shafa sitiyari.

Judith kuwa baya ta shiga, gwiwoyinta suka tokare da kujerarsa. Ta fito ta gwada farar, ta miƙe ƙafafu, ta jingina.

"Wannan za mu ɗauka," in ji ta. "Ƙafar Mama ba ta lanƙwasuwa, kuma duk Laraba sai asibiti."

Kevin ya tuntsire da dariya. "Haba bebi, motar amarya ce fa, ba ta ɗaukar marasa lafiya ba. Mama ta ci gaba da hawa keke napep mana."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta taɓe baki. Sannan ta zare zoben alkawarinsu ta ɗora a kan baƙar motar.

"Saye ta, ta dace da kai. Wurin mutum ɗaya gare ta."

Ni kuwa guɗa na yi ta rangaɗawa har Sabon Tasha.