Leɓen Kamila

Nonon ya sake fitowa ta hancin jaririyar. Hadijatu ta share da gefen zane, ta gyara mata kwanciya, ta sake gwadawa. Tun ranar suna aikinta ke nan, har ita uwar ta daina kuka, don kukan ma ƙarfi yake ci.

Kamila ta zo duniya da leɓen sama a tsage har cikin ganɗa. Ba ta iya kama nono, kullum sai ƙara zubewa take yi.

A gidan nan na Fakku, mai faɗa a ji ita ce Atu, uwar mijin Hadijatu. Ɗa ɗaya gare ta, Ɗanmaliki. Ta daɗe tana neman haihuwa har aka fid da rai, sai ta tafi wurin danginta a Dogon Daji ta dawo da goyo. Tun da safe za ka ji ta tana kwaɗa masa kira da sunansa, har maƙwabta na tsokanarta wai ita ba ta san kunyar ɗan fari ba.

Atu ta duba jikarta sau ɗaya ta yanke hukunci. "Wanga abu ba jinina na ba," in ji ta. "A kawo Alƙur'ani in dafa." Ta ce da an gama wankan jego Hadijatu ta koma gidansu Sanyinna, tun kafin ta cika musu gida da irin wannan.

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai yana shafar leɓensa na ƙasa, inda yake da wasu 'yan ramuka biyu masu tsattsafo da yawu. Atu ta ce zakara ne ya tsattsage shi yana rarrafe.

A asibitin Tambuwal nas ta ce ana yin aikin a Sakkwato, amma sai yarinya ta yi ƙwari. Ta ce irin wannan yakan bi jini, kuma mai ɗauke da shi ba lallai ya tsage ba, wani 'yar alama ce kawai a leɓe. Ta buɗa bakin Hadijatu ba ta ga komai ba. Ta tambayi uban, aka ce yana waje wurin babur.

Hadijatu ta dawo gida tana satar kallon bakunan mutane. Na Atu lafiya lau. Na baffannin mijinta ma haka. Mijin ne kaɗai mai alamar. To wa za ta gaya wa, kuma wa zai yarda? Ta soma ɗaure kaya. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ana cikin haka aka gama girbi, shanu suka sauko cin kara, Mu'minatu mai nono ta dawo. Tsohuwar Bafulatana ce, duk shekara sai ta zo gidan tun Ɗanmaliki na ƙarami. Takan ajiye nono da man shanu ba ciniki. Kullum gefen mayafi na kan bakinta, maganarta ta hanci, ana cewa kunyar Fulani ce. Kowa a gidan tana gaisawa da shi da suna, ban da maigidan, Ɗanmaliki. In ya shigo sai ta juya baya. Shi kansa ya daɗe da yanke cewa jininsu ne bai haɗu ba.

Ta tarar da kayan Hadijatu a ƙofar ɗaki, Atu na tsaye a kai. Ta sauke ƙwaryarta ta miƙa hannu aka ba ta jaririyar. Ta daɗe tana kallon fuskar.

Sai ta zaunar da Kamila a cinyarta, kai a sama, ta sa Hadijatu ta tatso a ƙoƙo. Ta riƙa ɗiga mata da ɗan ludayi ta gefen baki, a hankali, tana dakatawa. Kamila ta haɗiye, kuma ko ɗigo bai fito ta hanci ba.

"Haka innata tar rayar da ni," in ji tsohuwar.

Ɗanmaliki ya shigo. Wannan karon ba ta juya baya ba, hannuwanta duka na aiki, kuma mayafin ya zame. Leɓenta na sama a tsage yake, an bi shi da baƙar shasshawa irin ta matan Fulani. A na ƙasa ga ramuka biyu.

"Atu, bar ɗiyar mutane ta zamna ɗakinta," ta ce, idonta na kan ludayi. "Rantsuwarki gaskiya ta, ba jininki na ba."

Atu ta zauna a kan turmi ba tare da ta shirya ba. Ɗanmaliki na tsaye, hannunsa a leɓe.

Sai a lokacin Hadijatu ta gane abin da ya hana tsohuwar ambaton sunan mijinta duk shekarun nan: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari.