Yaushe Mushe Zai Shigo Aji?

"Dubi shirmen ɗiyarki!" Mushe Yazidu, malaminsu, ya jefo mini kaye, littafin lissafin Lailatu, a gaban 'yan aji. Ƙaton sifiri ne da jan alƙalami.

Ban yi lakol ba, ban iya karatun boko ba, sai na ce ya karanta mini.

"Na baro Maradi Litinin, ƙarfe shida na safe. Zuwa Dakoro kilomita ɗari da ashirin ne, mota tana cin sittin a awa. Yaushe zan shigo aji? Ko jaki ya san ƙarfe takwas ne!"

"Ita mi ta rubuta?"

Ya ja tsaki. "Wai Alhamis."

Na dubi jakar tafiyarsa a gindin tebur, ko buɗe ta bai yi ba. Tir!

Na juya ga 'yan aji. "Yara, yau wace rana ce?"

Baki arba'in suka amsa: "Alhamis!"