Jirgin da Ya Tsufa a Kwali

Tunda ka ce aikin nan sai ka sami natsuwa za ka taɓa shi, bari in ba ka labarin wani direban babbar mota da aka yi a Gusau. Mahaifinsa tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk abin da ya gani a can ba ya son maganarsa, sai abu guda: wani ƙaramin jirgin yaƙi mai farfela ɗaya a goshi, an zana masa baki da haƙora kamar na kada. Ya ce ranar da abokan gaba suka ritsa su a bakin wani rafi, har sun fara kalmar shahada, jirgin nan ne ya faɗo daga cikin gajimare ya buɗe musu hanya. Tsohon yakan ce da zai sake ganinsa ko sau ɗaya, da ya gode Allah.

Wata rana direban ya kai kaya Kaduna, ya tarar ana gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida. A cikin tarkacen ya hangi wani kwali, a jikinsa hoton jirgin nan sak, har haƙoran. Da ya buɗe sai ya ga ashe ba haɗaɗɗen jirgi ba ne, gutsattsarin roba ne masu launin toka, sun fi hamsin, maƙale a jikin 'yan sanduna kamar tsire a tsinke. Ga fikafikai, ga tayoyi, ga ɗan matuƙi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Akwai gam da 'yan gwangwanayen fenti, da tamburan mannawa a jikin jirgin, da takardar da ke nuna wanda ake fara mannawa. Ya saya ya kai wa tsoho. Tsohon ya daɗe yana shafa hoton da yatsa, sannan ya ce, "Haɗa min shi in gani." Ɗan ya ce, "Baba, irin wannan ba a yi masa gaggawa. Bari in dawo daga Legas in zauna a tsanake." Ya sa kwalin a ƙasan adaka ya kulle. Da ya dawo daga Legas aka tura shi Maiduguri, daga nan damina ta faɗi, sai azumi, sai gyaran mota. In ya kwana biyu a gida yakan fito da kwalin ya buɗe, ya ƙare wa gutsattsarin kallo, tsoron kada ya ɓata abin ya kama shi, ya mayar. Cikin shekara ta uku, yana kan hanya wajen Jebba, tsohon ya cika. Ko jana'iza bai samu ba.

Daga nan ma kallon adakar ya gagare shi. Ya ce a ransa in ya ajiye tuƙi zai haɗa jirgin, ya yi masa fenti irin yadda mahaifinsa ke kwatantawa, ko ya rage nauyin da ke ƙirjinsa. Sai da aka shekara talatin da ɗaya sannan ya ajiye tuƙin, kuma ba don ya so ba: hannunsa ne ya fara rawa, yanar ido kuma ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya dushe. Wata rana da hantsi ya shimfiɗa tabarma a zaure ya buɗe kwalin. Gam ya daskare ya koma kamar ƙaro. Fenti ya bushe ya tsattsage a gwangwani. Tamburan da ake jiƙawa a manna, har da haƙoran nan, suna taɓa ruwa suka marmashe kamar busasshen ganyen kuka. Ya sayo sabon gam, ya ɗauki reza zai yanke fiffike daga jikin sanda, hannu ya kuɓuce, robar da ta tsufa ta karye gida biyu. Ɗan matuƙin ya silale daga yatsunsa ya faɗa ƙasa, ya yi ta lalube cikin rairayi har azahar bai gan shi ba. Kwana tara yana fama, abin da ya iya haɗawa bai wuce rabin gangar jikin ba, shi ma a karkace, duk gam ya ɓata shi.

Da ya gaji, sai ya naɗe komai a zani ya kai wa wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Mutumin bai taɓa jin labarin Bama ba, amma yana ganin abin ya ture agogan gefe. Ya saƙala madubinsa a ido, ya ɗauki hantsaki, yana aiki yana 'yar waƙa. Kwana uku ya ɗinke fiffiken, ya sa farfela tana juyawa in an hura, ya zana haƙoran da bakin allura. Direban ya zo ya tarar an rataye jirgin da zare a ƙofar rumfa, mutane sun taru suna yaba hannun mai agogo, shi kuwa sai murmushi yake yana ba su labarin yadda ya yi kaza da kaza. Direban ya matsa kusa ya ɗaga kai. Abin da ya gani kawai wata inuwa ce tana lilo cikin hasken rana. Mai agogo ya ce, "Baba, a sauko maka da shi?" Direban ya ce, "Bar shi nan. Wanda ya so ganinsa ba ya nan, ni kuma ba ni na haɗa ba." Ya juya yana lalube da sandarsa ya nufi gida, bai ƙara bin ta layin ba har ya rasu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.