Birkin Jar Motar Ɗalha

Karo na uku ke nan cikin wata biyu da Malam Rabe bakanike ya kwance tayar jar motar Ɗalha ya tarar takalman birki sun cinye. Farantan har sun yi shuɗi saboda zafi, man birkin kuwa ya koma baƙi kamar ruwan bunu.

Abin ya ɗaure masa kai, domin duk Kankia an san tuƙin Ɗalha. Mota ce 'yar gajeriya mai ƙofa biyu da gilashi mai duhu, an ƙera ta don gudu, amma mai ita bai taɓa kai ta sittin ba. An taɓa ganin mai amalanke ya bi bayansa yana roƙon hanya. Ranar Talata ma, da aiki ke kai shi Katsina, bas yake shiga, wai kada tirela ta goge masa fenti.

"Jabun kaya kake sa mani, Malam Rabe," in ji Ɗalha, a gaban direbobin da ke jiran aiki. "In ya sake cinyewa, Kano za ni kai ta, kuma kowa sai ya ji dalili."

Rabe ya ji zafin maganar har ransa. Shekara ashirin da shida yana gyaran birki a bakin titin nan, ba a taɓa ce masa maha'inci ba.

Matar Ɗalha, Hassana, ita ta kawo shawarar a canja komai da na motocin tsere: takalma masu jure zafi, farantai masu huji, da man da ba ya saurin tafasa. Ɗalha ya ji daɗi ƙwarai, ya ce tsoro take kada ta rasa shi. Ai in yana tuƙi ma rufe ido take tana ta salati. Mace ce mai kula: duk Talata sai ta share motar ciki da waje, har kujerar direba takan matsar gaba don tsintsiya ta shiga. In ya dawo da yamma kuma ya tarar da furar surukarsa ta Kusada, ƙanƙarar ciki ko narkewa ba ta yi ba. Kullum sai ya sa wa 'yan acaɓa albarka, a zatonsa su ke kawo ta.

A Kusada kuwa wani irin girma ake ba shi. Ranar da ya je gaisuwa, dattawan ƙofar masallaci suka taru a kansa, Alhaji a dinga rage gudu, akwai awaki a hanya. Ɗalha ya gyara hula, ya ce zai duba. Bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ran nan ba.

Kwana uku Rabe ya yi a kan aikin. Ya auna farantai, ya zuƙe tsohon mai tas, ya fitar da iska taya bayan taya, ya sake bin kowane noti da hannunsa. In wannan ma ya cinye, ya san sunansa ya gama lalacewa.

Ran Asabar Ɗalha ya zo ɗauka, Hassana na biye. Ta shige ta zauna a kujerar gefe, shi kuma ya zagaya bayan gareji amsa waya. Rabe na goge hannu sai ya ga gilashi ya sauka kaɗan.

"Malam Rabe, sannu da aiki," in ji Hassana a hankali. "Ka yafe mani faɗan da ka sha wurin Baban Zahra. Halan wannan karon, in na taka daga ɗari da saba'in a kwanar Boko ta hanyar Kusada, zai riƙe?"