Babin da Kaka Ta Hana

"Naki babin fa, wa ya ba ki izini?" wani ya jefo wa wata matashiya tambaya a taron marubuta.

Ita ta kafa dokar littafin noma da matasan Daura ke haɗawa a intanet: ba a sa ilimin kowa sai mai shi ya yarda duniya ta kwafa kyauta. Har babin malaman jami'a ta goge saboda rashin izini.

Washegari ta hau babur zuwa Baure, neman izini wajen kakarta da ta koya mata abin da ke cikin babin.

"'Yar boko, haɗin ganyen da ke tsare gero a rumbu amanar uwata ce. Ban yarda ba," in ji kakar.

Nan kan tabarma jikar ta goge babinta a wayarta, ta rubuta a gurbinsa: "Akwai ilimi a nan. Mai shi ta ce a'a."