Jar Kuɓewar Inna

Shara ce ta kai matar wani kafinta ɗakin surukarta Inna, a nan ta hango wata gora. Can sama aka rataye ta, kusa da rufi, inda hannun yaro ba ya kaiwa, an toshe bakinta da tsumma an ɗaure tamau. Ta taka kujera ta sauko da ita. Da ta zazzage a tafin hannu sai ga irin kuɓewa, ƙwaya-ƙwaya, jawur kamar garwashi.

Murna ta kama ta.

Ta daɗe da shiga ƙungiyar sa-kai ta masu adana irin kayan lambu na dā. Aikinsu a karɓi tsohon iri a shuka a bayan gida, ya ƙosa, a shanya, a mayar wa ƙungiya don kada ya ɓace. Kowa ya kawo abin nunawa, wani gauta, wani wake, ita kuwa sai baki. A wajen zagin irin kamfani dai ba a taɓa shan gabanta ba, har suka laƙaba mata Uwar Iri, rabi yabo rabi tsiya.

Tsohuwar ba ta nan balle a tambaye ta. Tun da ta karye a ƙafa take jinya a gidan 'yarta, ga kunne ya yi nauyi, waya ba ta da amfani. Amma wa ke buƙatar tambaya? Kowa a gidan ya sha jin Inna tana labarin kuɓewar kakarta, wadda babu irinta a kasuwa. Abin da aka ɓoye haka, ai ba na banza ba ne.

A taron ƙungiya Uwar Iri ta baje ƙwayoyin a faranti, ta ce jar kuɓewa ce ta gado. Aka yi ta leƙe ana jinjina kai. Ta yi alkawarin za ta cika wa kowa hannu da kaka.

Ta shuka rabi. Ba ƙwaya ɗaya da ta ƙi fita, ƙwari ma ba su taɓa ta ba. Ta tashi sambal, kai ɗaya, kamar an auna da magwajin mijinta. Sai dai da ta bushe aka fasa, irin ya fito toka-toka, irin na kowa da kowa. Ja ko na rantsuwa babu.

Uwar Iri ba ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi ba. A ƙungiya an koya musu cewa ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan shuka zuwa waccan, iri ya gauraya. To ga shi kuwa, bayan katanga maƙwabcinsu tela yana da tasa kuɓewar: gajeruwa, mai ƙaiƙayi, karkatacciya, ba ta haihuwa sai ta ga dama. Mutumin da ko albasa sai ya saya a shago, ina zai samu iri in ba na kamfani da ake sayarwa a leda ba?

Da damina ta dawo ta zuba sauran rabin, wanda daga shi babu wani. Tana ganin ta tela ta kusa fure, ta yafa mayafi ta same shi a kan kekensa na ɗinki.

"Malam tela, kuɓewarka ko zaman lafiya, zaɓi ɗaya."

"Haba maƙwabciya, me ta yi miki? Ai kuɓewar nan ba ni ita aka yi, ita ma..."

"Ba tarihinta na zo ji ba. Ƙazamin irinka ya ɓata min na gado bara, bana ba zai sake ba."

"Wallahi duk abin da nake da shi ke nan na zuba a ƙasa."

"Shago bai ƙone ba."

Tela mutum ne mai gudun fitina, kuma rabin masu kawo masa ɗinki ƙawayenta ne. Ya ce to. Ba ta yarda da "to" ba, ta tsaya a kansa har ya tuge ta ƙarshe, ta kwashe da hannunta ta watsa wa awakin unguwa. Da ta ba da labari a taro, tafi aka yi mata.

Kuɓewarta na cikin fure aka dawo da Inna, tana dogara sanda. Uwar Iri ko ruwa ba ta bari ta sha ba, ta ja ta bayan gida, ta ɗora mata gorar a hannu, ta kai baki kusa da kunnenta.

"Inna, ga gadonki, na raya shi!"

Tsohuwa ta jijjiga gorar ta ji wayam. Ta dubi shukar, ta dubi matar ɗanta sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, Allah ya sa kin wanke hannunki. Wannan ai irin kamfani ne da aka raba mana kyauta, jan nan maganin ƙwari ne suka shafa masa, na rataye shi sama kada jikokina su kai baki. In ta kakata kike nema, leƙa bayan katanga. Da zan tafi jinya na damƙa wa tela ita kaf, na ce ya riƙe min amana."