Ranar da Gwaggo Ta Manta Hausa

Ina shekara tara Baba ya kai ni Omdurman mu gaida ƙanwarsa, mawaƙiyar da ake ji a rediyo, ake gani a wasannin talabijin. Waƙar da ta yi suna da ita ma ta kakarmu ce, ta cirar auduga a Jazira, ta mayar da ita Larabci.

Da la'asar ta fito daga gidan rediyo tare da makaɗanta. Na ruga na rungume ta.

"Gwaggo, ina wuni?"

Ta ɓamɓare hannuna daga laffayar da ta yafa, ta tambayi makaɗan da Larabci, "Me yarinyar nan take cewa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ƙamshin turarenta na humra ya bi ni har gida. Har yau ba na shafa humra.